Doron Baga: Tashar Kifin Da Ke Bin Ruwa Duk Inda Ya Nufa

 Yau za mu ɗan kauce daga jerin farashin da kuka saba gani, mu leƙa inda kwalin banda ke fitowa, watau Doron Baga ta bakin Tafkin Cadi a Jihar Barno. Dalili kuwa shi ne, duk ran da kuɗin kwali ya ɗaga a Kano ko a Anaca sai ka ji ana cewa ai kifi ne ya yi ƙaranci a ruwa. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa kifin yana nan daram, abin da ya ƙaru shi ne nisan da ke tsakanin ruwa da mota. Wannan nisan kuwa mai saye shi ke biyan kuɗinsa, masunci kuma shi ke ɗaukar hasararsa.

Garin Baga yana cikin Ƙaramar Hukumar Kukawa, kimanin kilomita 196 daga Yerwa, watau mil 120 da 'yan kai. In ka bar Yerwa sai ka bi ta Gajiram, ka wuce Monguno, ka ratsa Kuros Kauwa, sa'an nan ka faɗa Baga. Doro tana gaba kaɗan ta wajen ruwa, can ne kasuwar kifi take. Wanda ya taɓa zuwa Ikko ya ga tashar Apapa, kada ya sa a ransa irin ta zai tarar. Nan ba siminti, ba ƙarfe mai ɗaga kaya. Gaɓa ce ta laka da ciyawa, da jiragen katako jere kamar an kafa sahu, waɗansu da inji a gindi, waɗansu sai gora da filafili.

Tun kafin zancen banda ya yi ƙarfi Baga mashiga ce ta fatauci. Buduma, mutanen tsibirai waɗanda ke kiran kansu Yedina, su ke ƙetaro da kanwa daga gabashin tafki cikin jiragensu na ciyawa, daga nan ta bi raƙuma da jakuna zuwa Kukawa har ƙasar Hausa. Ungurnun da kakanninmu suka sani ta wannan hanya take zuwa. Kifi kuwa a wancan zamani galibi na ci ne da ɗan musaya.

Abu biyu suka juya al'amarin a wajen shekarun 1960. Na farko ragar nailan, wadda ba ta ruɓewa da wuri kamar ta zaren auduga. Na biyu mota, da ta sami hanyar zuwa bakin ruwa ta kwashi kaya ta yi Kurmi da shi. Da labari ya bazu sai masunta suka yi ta kwararowa: Sarkawa daga Kabi da Yawuri, mutanen Haɗeja, Jukunawa daga Binuwai, har da mutanen Mali. Suka tarar da Barebari da Buduma da Shuwa, aka cakuɗu, Hausa kuwa ta zama bakin ciniki a gaɓar. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. A 1964 ƙasashe huɗu da ke kewaye da shi, Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a birnin da a lokacin ake kira Fort Lami, Injamena ta yanzu.

A lokacin nan kifin da ake saukewa manya ne na sararin ruwa. Akwai giwan ruwa wadda wata sai ƙarti biyu sun kama kafin a fid da ita daga jirgi, akwai yauni, da faliya, da tsage mai haƙora, ga kuma kawara da ake shanyawa a rana ana kira salanga.

To, sai ga fari. Shekarar 1973, shekarar da aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira da kwabo, ita ce shekarar da tafkin ya rabu biyu, aka sami na arewa da na kudu da wani tudu mai ciyawa a tsakani. Abin mamaki, a daidai lokacin ne aka fi kama kifi, domin ruwa ya tsuke, kifi ya rasa wurin gudu. Masana sun ƙiyasta abin da aka kama a 1974 ya haura tan 200,000. Waɗanda suka yi arziki da banda a shekarun nan sun ɗauka kasuwa ce ta buɗe, alhali kuwa uwar kuɗi ake ci. Bayan 'yan shekaru manyan kifayen suka yi wuyar gani. Da farin 1984 ya zo, sararin ruwan da ya rage bai wuce murabba'in kilomita 2,000 ba, ɓangaren arewa kuwa ya yi shekaru yana ƙafewa ƙaf, har mutane suka shuka masara da wake a inda dā ake jefa raga.

Abin da ya tsira shi ne kifin fadama mai jure ruwa kaɗan: tarwaɗa, da karfasa, da bargi, da gaiwa wadda kan shige laka ta yi kwanan rani. Shi ya sa duk wanda ya buɗe kwalin Baga a zamanin nan, galibi tarwaɗa zai gani an naɗe ta baki da wutsiya. Kayan kamun ma suka sake. Gurar Mali ta shigo, aka riƙa jera ta ɗaruruwa ana datse mashigar ruwa, shi ne ake kira dumba. Ga kuma mari-mari, dogon zare mai ƙugiyoyi barkatai ba ko abinci a jiki, kifi na wucewa ya sarƙe. Dumba tana kawo kaya, ba musu, amma ba ta barin babba ba ta barin yaro, kuma ta sha haddasa rigima tsakanin mai ita da masu ƙananan raga da ke bayansa. Ba kowa ke samun wurin kafa ta ba, sai wanda ya daidaita da bulama ko lawani, ya biya abin da aka yanka masa.

A nan ne maganar nisa ta taso. Ruwa ya ja baya, masunta suka bi shi. Suka kafa bukkoki a kan tuddan da suka ɓullo cikin tafki, waɗanda ake kira tumbu, kamar Tumbun Gini da Tumbun Rego. Ruwa ya ƙara ja, suka ƙara bi, har waɗansu suka tsinci kansu a Darak ba su san sun ƙetare iyaka ba, don ba wanda ya taɓa ganin iyaka a kan ruwa. Wannan na cikin abin da ya kai Nijeriya da Kamaru gaban Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci ran 10 ga Oktoba 2002, aka miƙa Darak da ƙauyukan kewayenta ga Kamaru a Disamba 2003. Masuncin da jiya yake gida, yau ya wayi gari baƙo, kifinsa kuma sai ya biya wa hukuma biyu kafin ya iso Doro.

Saboda haka, abin da ake saukewa a Doro mafi yawansa ba ɗanye ba ne. Kifi ba ya jiran kowa, in ya wuni cikin zafin Barno ba a gyara shi ba ya tashi daga aiki. Don haka can a tumbu ake yin banda. A farke ciki, a yanka manya gunduwa-gunduwa, a naɗe tarwaɗa, a ɗora bisa waya a hura wuta a ƙasa. Mai haƙuri da isasshen itace yakan bar shi ya sha hayaƙi sannu-sannu har ya bushe ciki da waje. Mai gaggawa kuwa, ko wanda itace ya yi masa tsada, sai ya babbaka da ciyawa, baya ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa da sauran ruwa. Bandar kirki takan zubar da wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ɗanyen. Kun ga ke nan akwai abin da ke jan mutum ya sauke kifi daga wuta tun bai ƙarasa ba.

Ranar da jirage suka iso, tun da sassafe gaɓa ta cika. 'Yan dako sun naɗe wando sun shiga ruwa har gwiwa, masu baro da amalanke suna jira a tudu, masu sayar da kwali da igiya sun baje, mai shayi ya hura wuta, masu tuwo da masu ƙosai ana ta hada-hada. Ga masu gyaran inji, ga kafintocin jirgi, ga masu ɗinkin raga, ga 'yan canji riƙe da naira a hannu ɗaya sefa a ɗayan. Jirgin da ya kawo kifi ba ya komawa wofi, sai an loda masa gero da masara, da sukari, da gishiri, da man inji, da sabuwar raga. Watau kasuwar kifi rabin labarin ce kawai, sauran rabin na masu hatsi ne da 'yan tireda. Duk dillalin hatsin da ke ganin zancen banda bai shafe shi ba, bai yi lissafi da kyau ba.

Mutumin da ke riƙe da akalar wannan kasuwa shi ne fatoma. Kalmar ta Barebari ce, ma'anarta mai gida, kuma aikinsa shi ne wanda kuka sani a zangon shanu ko na goro. Shi ke sauke masunci, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a tsakani har a daidaita, ya karɓi la'adarsa. In baƙon Kurmi ya ɗauki kaya bashi, fatoma ne lamuni. In masunci na son raga ko inji ko kuɗin cefanen iyali kafin ya shiga ruwa, wurin fatoma zai je.

Nan fa ake yin ta. Wanda ya ba ka raga, shi za ka kawo wa kifi, ba kuwa za ka tsaya kana ja-in-ja da shi a kan farashi kamar yadda za ka yi da wanda ba ya bin ka kwabo ba. Masunta da yawa sun shekara goma suna kamu ba su taɓa fita daga littafin mutum ɗaya ba. Amma a faɗi gaskiya, ba a taru an zama ɗaya ba. Banki bai taɓa bin masunci tumbu ya ba shi rance ba, fatoma ne ke yi, ba takarda ba jingina. In jirgi ya kife ko raga ta ɓata, ko mai saye ya tafi Anaca ya yi shiru, kuɗin fatoma ne ya nutse. Abin da muke ganin ya kamata shi ne a riƙa faɗa wa mai kaya ainihin yadda aka sayar, a ware la'ada daban, a ware biyan bashi daban, kowa ya san inda ya kwana. Mai gidan da ke yin haka ba ya rasa baƙi.

Ciniki a Doro da kwali ake yi, ba da sikeli ba. Dā can buhu ne da tabarma, daga baya kwalayen da aka juye kaya suka maye gurbi. Kwali kuwa suna ne kawai, wani ya fi wani, kuma shirya shi ma sana'a ce. Gwanin shiri ya san yadda zai jera kifi ya matse ba tare da ya karye ba. Mugun mai shiri kuma ya san yadda zai sa manya a sama, ƙanana da gari a ƙasa. Kowane kwali akan rubuta masa alamar mai shi da ta wanda zai karɓa, domin sau da yawa mai kaya ba ya bin mota, amana ce ke tafiya da shi.

Daga nan sai hanya. Wani kayan yakan tsaya a kasuwar kifi ta Titin Baga cikin Yerwa, wani ya yi Kano da Jos, amma babbar kasuwarsa Kurmi ce: Anaca, da Inugu, da Aba, da Badun, da Ikko. A kasuwannin Ibo ana kiransa mangala, kuma miyar biki ba ta cika ba in babu shi. Tafiyar kwanaki ce, kuma kowace kwana tana cin kaya. Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi da ke yin ƙwai cikin busasshen kifi, tsutsarsa ta cinye tsoka ta bar fata da ƙaya. Ga gargadar hanya da ke mai da na ƙasa gari. Ga shingaye, kowanne da abin da za a ajiye. Motar da ta yi kwana uku da wadda ta yi kwana bakwai ba kaya ɗaya suka kai ba, ko da rana ɗaya aka yi musu lodi.

Tsoron ƙwaron nan ne ya jawo wata mummunar al'ada, watau yayyafa wa kifi maganin ƙwari. A dā Gammalin 20 ake sawa, wanda aka yi don feshin gonar koko, an kuwa sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda duniya ta hana a 2009. Daga baya waɗansu suka koma irin su Sniper da ota-fiya-fiya. Jama'a, wannan guba ce, ba wani suna da za a ba ta. Abin da aka yi don kashe kyankyaso ba a zuba shi a abin da yaro zai ci. Ban da alhaki, ɓata kasuwa ne, don ran da mutanen Kurmi suka ɗauka kifin Barno yana da magani, mai sawa da wanda bai sa ba duk tare za su yi kwantai. Ga su kuwa da abin da za su koma: ƙanƙararren kifin teku irin su taitus da shawa da kote yana shigowa ta Ikko, ga tarwaɗar kiwo da ake bandarta a bayan gari ko'ina.

Nisan da ya fi kowanne tsanani ba ruwa ne ya kawo shi ba. A watan Afrilu 2013 aka yi faɗa a Baga tsakanin soja da 'yan Boko Haram, gidaje masu yawa suka ƙone. A Janairu 2015 'yan Boko Haram suka ci garin da Doro, suka kashe mutane da yawa, sauran suka watse, waɗansu ta ruwa zuwa Cadi, waɗansu Yerwa. A Disamba 2018 aka sake tashin garin. Cikin shekarun nan soja suka hana safarar kifi daga tafki, bisa hujjar cewa masu tayar da ƙayar baya suna karɓar haraji a hannun masunta. Nijar ma ta hana kamu da cinikinsa a Jihar Diffa a 2015, ba ta ɗage ba sai 2019. Kifi kam ya sami hutu ya hayayyafa, amma ba hanyar fito da shi. Wanda ya fito sai ya zagaya ta Cadi ko Kamaru, ko ta ɓarauniyar hanya, ya biya na daji ya biya na gari. Masu gida da dā ke sallamar motoci suka koma zaman sansanin gudun hijira, littattafan bashi kuwa suka ƙone tare da rumfuna.

A Satumba 2020 gwamnatin Babagana Umara Zulum ta fara mai da mutane Baga, har aka kai wa ayarin jami'anta hari a hanya. Kasuwa ta soma farfaɗowa tun daga nan, amma hatsarin bai gushe ba, don ko a Janairu 2025 an kashe mutane wajen 40, manoma da masunta, a yankin Dumba kusa da Baga. Ƙari kan haka, cire tallafin man fetur a Mayu 2023 ya bugi kwalin banda sau biyu, a injin jirgi da kuma a kuɗin mota.

Shi kuwa ruwan, sai a daina cewa kullum ƙafewa yake yi. Tun daga shekarun 1990 yana dawowa a hankali, kuma a 2022 da 2024 an yi ambaliya mai yawa. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin daga kogin Shari da Lagone yake zuwa, watau ruwan saman da aka yi a kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Namu na Komadugu Yobe, wanda ya haɗo ruwan Haɗeja da Jama'are, kaɗan ne, ga shi kuma madatsar Tiga da ta Challawa sun rage shi. Don haka damunar Barno ba ita ce ma'auni ba. Shari yakan cika a Injamena wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, tafki kuma ya kai maƙura wajen Disamba da Janairu, lokacin da mu nan muke cikin hunturu. Kifi yakan bi ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, in ruwa ya fara janyewa sai dumba ta tare shi, kaya ya yawaita. Da damuna kuwa kamu yakan ragu, banda ba ta bushewa sosai, tsutsa ta yi yawa, hanya ta lalace. Falken da ke da ɗan'uwa a Injamena ko Kusiri, ya tambaye shi inda kogi ya kai a watan Nuwamba, ya riga abokan cinikinsa sanin yadda kasuwar bazara za ta kasance da wata uku ko huɗu.

Sai dai cikar ruwa ma da nata. Takan cinye gonakin da aka shuka a gaɓa, ciyawa ta toshe hanyoyin jirgi, tafiyar wuni ta koma ta kwana biyu.

Mai sayen kwali a wannan mako, kada ya tsaya kan tambayar nawa. Ya tambaya daga wace gaɓa kayan ya fito, kwana nawa ya yi a hanya, ta ina ya biyo. Ya sa a kwance igiya ya zura hannu har ƙasa. In ya ji gari ya yi yawa, ƙwaro ya riga shi. Ya karya guda ya duba cikin, in da laushi ko danshi ba zai yi mako biyu a rumfa ba, sai dai a sake mai da shi wuta, nauyi kuma ya ragu. Ya sansana, bandar kirki ƙanshin hayaƙi take yi. In kuwa ya ga an buɗe kwali a tsakiyar kasuwa ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba, to, ya mai da igiya ya ɗaure, ya ce wa mai kaya Allah ya kawo kasuwa.